Ina Iyakar Gambarar Zamani Take?

Abu na farko da akan koya wa ɗalibi a ajin nazarin waƙa shi ne rarrabewa. A ce masa wannan waƙar baka ce, waccan rubutacciya. Wannan makaɗin fada ne, wancan na jama'a, wancan kuwa na sana'a. Rarrabewar tana da amfani, amma fa akan sami ranar da waƙa za ta zo ta ƙi shiga kowane aljihu da aka ɗinka mata. Irin wannan rana ce ta riski kiɗan baƙar fatar Amurka da ake kira hip hop, wanda a nan muka laƙaba wa suna gambarar zamani, saboda kamar da ya yi da zubin 'yan gambararmu masu rattaba magana da habaici a kan kiɗa. Mawaƙan wannan fanni da yawa sun bar rattabawa zalla sun rungumi rerawa, har ta kai mai sauraro ba ya iya cewa ga inda gambara ta tsaya, ga inda waƙar yayi, watau wadda suke kira pop, ta soma. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a duba ko wane ne yake shata iyakar, da abin da yake dubawa in zai shata ta.

Masu tarihin wannan kiɗa sun fi jingina asalinsa ga wani biki da DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, ya kaɗa a unguwar Bronx ta birnin Niyok ranar 11 ga Agusta, 1973. Dabararsa ita ce ya ɗora faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita gurbin da ganguna kaɗai ke tashi, wani kuma ya kama makirfo yana zuga masu rawa, kusan aikin da sanƙira ke yi. Daga wannan zuga aka sami mai rattabawa. Da aka soma buga faifai, kamar "Rapper's Delight" a 1979 da "The Message" a 1982, sai kunne ya saba da cewa ɗan gambara magana yake yi a kan kari, rerawa kuwa aikin wani ne. A shekarun 1990 aka yi rabon aiki irin na jagora da 'yan amshi: ɗan gambara ya zuba ɗiyan waƙa, mai zaƙin murya ya rera gindinta. Haka Method Man da Mary J. Blige suka yi a 1995.

To, amma masu cewa rerawa baƙuwar cuta ce da ta kama gambara jiya-jiya, ai ba su waiwaya ba. Tun a 1994 Nate Dogg yake rera ɗiya sukutum a "Regulate". Ƙungiyar Bone Thugs-n-Harmony ta garin Cleveland ta haɗa gudun harshe da daidaita muryoyi a "Tha Crossroads" ta 1996, waƙar makoki wadda ba ka iya tsaga ta ka ce nan magana, nan rerawa. Ita kuwa Lauryn Hill, a kundinta na 1998, maƙogwaro ɗaya ne yake aikin jagora yake kuma aikin 'yan amshi, ba kuwa wanda ya isa ya ce ba ta iya baiti ba.

Abin da ya sake al'amarin shi ne na'ura. A 1997 kamfanin Antares ya fito da Auto-Tune, ƙirƙirar Andy Hildebrand, injiniyan da a da yake aikin auna sautin ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur. Aikinta shi ne ta saurari murya, in ta kauce ta jawo ta zuwa ga sautin da ya fi kusa. In an saita ta a hankali, ba a jin gyaran. In kuwa an matsa ta zuwa iyakar saurinta, sai muryar ta riƙa tsalle daga sauti zuwa sauti da wani amo kamar na ƙarfe. Cher ce ta fara fito da wannan amo fili a "Believe" ta 1998, T-Pain kuma ya mai da shi salonsa, har ya sa wa kundinsa na 2005 suna mai ma'anar ɗan gambaran da ya rikiɗa ya zama mai rerawa. Mu ma ba baƙinta ba ne, don kuwa ta cika waƙoƙin finafinanmu. A 2008, bayan rasuwar mahaifiyarsa, Kanye West ya fitar da "808s & Heartbreak", kusan duka rerawa ce ta cikin wannan na'ura, jigonta kaɗaici da baƙin ciki. Jay-Z ya mai da martani a 2009 da waƙar da ya yi wa Auto-Tune jana'iza a cikinta. Gawar dai ba ta kwanta ba. Drake ya taso daga Toronto a wannan shekara, Future da Young Thug suka biyo baya daga Atlanta, kafin a ankara rauji ya zama ruwan dare.

Wanda yake son ganin yadda masu rarrabewa suka sha wahala, ya dubi sunan kyauta ɗaya tak ta Grammy. A 2002 aka ƙirƙiro ta a matsayin kyautar haɗin gwiwar mai rattabawa da mai rerawa, watau mutum biyu, sana'a biyu. Eve da Gwen Stefani suka fara ɗauka. A 2017 aka cire sharaɗin haɗin gwiwa, domin mutum ɗaya ya riga ya haɗiye aikin biyu. A 2020 aka sāke mata suna ta koma kyautar gambara mai rauji. Suna uku cikin shekara 18, kowane sauyi kuwa bin sawun mawaƙa ne bayan sun yi nisa.

A nan ne nake ganin maganar ta wuce ta kiɗa. A 2017 Drake ya sami kyautar Grammy biyu a rukunin gambara da waƙarsa "Hotline Bling". Maimakon murna, sai ya fito a rediyo ya ce waƙar ba gambara ba ce, an dai tura ta can ne don shi baƙi ne, kuma an san shi da gambara a baya. A 2020 Tyler, the Creator ya yi irin wannan ƙorafi a daren da kundinsa "Igor", wanda yawancinsa rerawa ne, ya ci kyautar kundin gambara. Ya nuna cewa duk abin da mai irin fatarsa ya ƙago, komai sabuntarsa, ɗaki ɗaya ake kai shi.

Wannan ke nan game da wanda aka hana fita. Akwai kuma wanda aka hana shiga. A watan Maris na 2019 mujallar Billboard, mai jera waƙoƙi bisa kasuwarsu, ta cire "Old Town Road" ta Lil Nas X daga jerin waƙoƙin kaboyi, waɗanda suke kira country, wai ba ta ƙunshi isassun siffofin wannan kiɗa ba. Alhali jigonta doki ne da sirdi da hular kaboyi, tsinken da ke tashi a cikinta na banjo ne, lafazinta na kudancin Amurka. Gangunanta ne kawai na gambara. Mujallar ta musanta cewa launin fata ya shiga hukuncinta, kuma adalci ne a faɗi haka. Sai dai a 2013 Turawan nan biyu na Florida Georgia Line sun sāke buga "Cruise" tare da ɗan gambara Nelly, waƙar ta yi zamanta a saman jerin kaboyi ba wanda ya tashe ta. Ita "Old Town Road", bayan Billy Ray Cyrus ya sa murya, ta yi mako 19 a saman babban jerin Amurka, ta ci kyautar ƙungiyar mawaƙan kaboyi a 2019, ta kuma ci Grammy a rukunin waƙar yayi a 2020. Waƙa ɗaya, dangi uku, kowa na cewa tasa ce ko ba tasa ba gwargwadon inda riba ta karkata.

A gwada wannan da tafiyar Post Malone, Bature, wanda ya shigo ta ƙofar gambara mai rauji da "White Iverson" a 2015. A 2017 ya faɗa a wata hira cewa mai neman waƙar da za ta sa shi kuka ko tunanin rayuwa kada ya nufi hip hop. A 2024 ya fitar da kundin kaboyi, aka shimfiɗa masa tabarma a dandalin Grand Ole Opry na Nashville. Ba na cewa bai iya ba. Ina dai lura da cewa shingen da ya tsare wasu shi bai ko taɓa rigarsa ba. Abin kuwa yana da tushe: har zuwa 1949 jerin da Billboard ke yi wa waƙoƙin baƙar fata sunansa faifan launin fata, kafin a musanya shi da R&B. Tun farko mai saye aka rarraba, sa'an nan aka nemo wa rabon sunan kiɗa.

Shin ke nan babu iyaka sam, sai son zuciyar 'yan kasuwa? Ban yarda da wannan ba, kuma manazarcin da ya tsaya a nan ya gudu ya bar aikinsa. Akwai ma'aunin da ke cikin waƙar kanta, shi ne a tambaya: wa ke jan ragama, kalma ko rauji? A gambara, ko da an rera ta, gaɓoɓi ne ke cunkushe a kan dukan ganga, amsa-amo yana faɗowa a tsakiyar layi da ƙarshensa, mawaƙi yana gaba da kiɗa ko yana jan ƙafa a bayansa da gangan. Raujin ƙunci gare shi, sauti biyu ko uku ne yake kai da komowa a kansu, yana bin hawa da saukar magana. A waƙar yayi kuwa rauji ne sarki, akan ja gaɓa ɗaya a miƙe ta don a cika shi, ɗiyan waƙa kuma hanya ce kawai ta komawa gindi. Gwajin mai sauƙi ne. A tuɓe raujin, a karanta baitin da baki a kan tafi. In ya tsaya da ƙafarsa, gambara ce. "Tha Crossroads" za ta tsaya, haka "The Box" ta Roddy Ricch, wadda ta yi mako 11 a saman jeri a 2020. "Hotline Bling" za ta zube, ba kuwa aibi ba ne gare ta, shaida ce cewa Drake ya fi alƙalansa gaskiya.

Da wannan ma'auni kuma za a ga inda masu kukan lalacewar gambara suke da hujja. Rauji mayafi ne mai kyau, yana rufe ramar baiti. "Lucid Dreams" ta Juice WRLD, ta 2018, ta ratsa zukatan matasa, amma rabin ƙarfinta aro ne daga tsinken jitar "Shape of My Heart" ta Sting, ta 1993. Kalmominta kaɗai ba su kai nauyin raɗaɗin da muryar ke ɗauke da shi ba, ga shi kuwa yaron gwanin ƙirƙirar baiti nan take ne. Ga mabiyansa da ba su da ko wannan baiwa, abin da ya rage shi ne layi huɗu da ake juyawa cikin minti biyu. Ɗan gambaran da ya iya ba da labari mai kai da gindi cikin ɗa guda, irin Slick Rick ko Nas, yana neman kunnen da zai zauna ya bi magana, kasuwar sauraro ta intanet kuwa tana ƙirga waƙa da zarar an ji daƙiƙa 30 daga cikinta, saboda haka gindin waƙa ya yi ta matsowa gaba, ɗiya suna ta gajarcewa.

Duk da haka riba ta samu wadda ba a cika ambata ba. Gambarar da ta fi tashe a da ta fi ƙwarewa a kirari da zambo da bugun ƙirji. Rerawa ce ta buɗe wa samarin ƙofar faɗin abin da namiji ke jin nauyin furtawa da muryar magana, watau kewa da tsoro da ciwon zuciya. Future yakan bar na'urar ta karya masa murya daidai inda maganar ta yi ɗaci, har ka rasa ko kuka yake yi ko fahariya. Wannan salo ne na gaske, ya kuma cancanci a nazarce shi kamar yadda muke nazarin inda Narambaɗa ke ɗaga murya da inda yake sassauta ta.