Wannan Danniya Ce, Ba Addini Ba

'Yan'uwa, wasu cikinmu na yabon Taliban don sun rufe wa 'yan mata sakandare tun 2021, sun kuma tilasta wa ma'aikatan talabijin mata rufe fuska. Mu ma mun ɗanɗana: a 2009, zamanin Bashir, aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Husaini kan sa wando. Me addini ya ƙaru da shi? Nana Asma'u 'yar Shehu mata ta karantar. Nan Rufa'a, kusa da Madani, Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907. In mace ba ta yi karatu ba, wa zai koya wa 'yarka hukuncin haila? Yaƙi ya riga ya cinye musu shekaru. Ku mai da su aji. Allah ya ganar da mu.