Rabi ta ci da kanta, amma wa ya ji ta bakinta?

Idan aka ba mu aikin nazarin mace mai tsayawa da ƙafafunta a ajin adabi, da wuya mu tsallake Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, littafin da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Sai dai yawancinmu farkon labarin muke riƙewa, mu kau da kai daga ƙarshensa.

Farkon yana da daɗin rubutawa a takardar jarrabawa. Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rufin asiri, ya ƙuntata wa gidansa, kuɗin cefanen da yake bayarwa ba ya kai wa ko'ina. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta tara. Rabi ba ta zauna jiran tausayin kowa ba. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, har ta ga auren 'yarta Saudatu da Alhaji Abubakar. A nan muke tafa mata, mu rufe littafi.

Amma marubuciyar ba a nan ta tsaya ba. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, sai maza suka taru suka matsa wa Rabi lamba ta mayar da aurenta. Ta mayar, ba don ranta ya so ba.

Wasunmu kan ce a nan littafin ya gaza, wai Balaraba ta gina jaruma sannan ta rushe ta. Mu kuwa gani muke a nan ƙarfinsa yake. Da an bar Rabi tana cin ribar sana'arta cikin kwanciyar hankali, da mun tashi da darasi mai sauƙi: mace ta nemi sana'a, shi ke nan ta tsira. Littafin ya ƙi yi mana wannan ƙaryar. Ya nuna mana cewa ciyar da kai daban, a bar mutum ya yanke wa kansa hukunci daban. Rabi ta sami na farko da guminta. Na biyun yana hannun waɗanda suka zauna suka shata mata makoma.

Saboda haka ɗalibin da ya rubuta cewa Rabi mace ce mai 'yanci ya ajiye alƙalami, bai gama aikinsa ba. Ya kamata ya bi labarin ya ƙirga: a wane wuri ta zaɓa da kanta, a wane wuri aka zaɓa mata, kuma wa ya ci moriyar kowane zaɓi? In ya gama da Rabi, ya ɗaga kai ya dubi unguwarsu. Zai ga iyaye mata da ke ɗauke da gida da tukunyar tuwon sayarwa, waɗanda ake zama a yanke magana a kansu suna daga bayan ƙofa.