Hula Ɗaya, Mutum Uku: Dawowar Ɗankama Kasuwar Jibiya

Wata Lahadi, bayan Najeriya ta sake buɗe iyakarta da Nijar a watan Maris na 2024, na tsaya a gefen kasuwar Jibiya ina kallon wani ɗankama. Ya daɗe yana fitowa a gajerun bidiyoyin waya, yanzu kuwa ya dawo fage shi kaɗai, ba abokin wasa, ba mai yanke masa kuskure. Hula ɗaya ce kayan aikinsa.

In ya karkata ta, direba ne mai jigila tsakanin Magama da Maraɗi. In ya danno ta goshi, mai tsaron shinge ne. In ya naɗe ta kamar gammo, tsohuwa ce mai ɗan ƙunshin gero da aka ce ta sauke a bincika. A nan wasan ya kai matuƙa. Waɗanda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya karya wa jari sun yi dariya har da ƙwalla, domin abin da ba su iya furtawa a gaban shinge ne suka ji a tsakiyar kasuwa. Asalin kamanci ke nan: ɗankama kan juya waƙar makaɗi ko karatun malami zuwa zancen tuwo, ya sauko da babba ba tare da zagi ba.

Ya yi tuntuɓe ne da ya shiga kwaikwayon Hausar mutanen Maraɗi mai gauraye da Faransanci. Salon fim ne ya biyo shi, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice da shi wajen kwaikwayon harshen wasu. Amma kyamara ba ta ɓata fuska, 'yan kallo kuwa suna ɓatawa. Da yawa a da'irar daga tsallake suka zo, kuma dangi ne. Gwamutsa Hausa da Turanci da Samanja ke yi ya karɓu ne domin Usman Baba Pategi ya taɓa zama soja. Gidansu yake yi wa ba'a.

Dariya ta ragu, shi ma ya lura. Nan take ya sake naɗe hular, tsohuwa ta dawo, jama'a suka matso. A ganina, ribar dawowarsa ke nan: waya ta ba shi masu kallo, kasuwa kuwa ta mayar masa da masu yi masa gyara tun bai sauka ba.