Jinjina Ga Masu Ƙidayar Abin Da Ake Ɓoyewa

Kafin 2018, maganar yawan masu shaye-shaye a Najeriya yawanci ji-ta-ji-ta ce. Ma'aikatan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na cibiyar CRISA, da tallafin UNODC, su ne suka gudanar da bincike, har gida-gida, a jihohi 36 da Abuja, suna tambayar abin da ko uba yake jin nauyin tambayar ɗansa. Rahotonsu na 2019 ya nuna mutum miliyan 14.3, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da kayan maye cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Wannan kaɗai ya isa a jinjina musu, domin ya rushe zaton cewa matsalar ta 'yan daba ce. Miliyan 4.6 kuwa magungunan kashe ciwo irin su tramol suke sha, wato abin da ɗan ƙodago a Saji ko Kibiya zai iya haɗiya don kawai ya jure wunin gona.

Wani zai ce ai mashayi ba ya faɗin gaskiya. Masu binciken sun san haka, shi ya sa suka yi zama na daban da waɗanda suka yi nisa, ba su dogara da amsar zaure ba. Wani kuma zai ce alƙaluma ba sa kama dila. Gaskiya ne, kamen aikin hukumar NDLEA ne. Amma alƙalin da ke Rano, in aka kawo masa matashi da 'yan ƙwayoyi a aljihu, yana bukatar sanin ko gidan yari ya dace da shi ko asibiti, kuma gwamnati ba za ta tanadi gadajen jinya ba sai ta san yawan masu bukata.