Littafin da Ya Rama wa Masu Ƙirga Tabon Rana

Ranar 1 ga Satumba, 1859, da hantsi, Richard Carrington yana cikin ɗakin duban taurari da ya gina wa kansa a Redhill, kudu da Landan, yana zana baƙaƙen tabban da ke fuskar rana. Ba ido da ido yake kallonta ba. Madubin hangen nesansa ne ke jefa hotonta a kan allo, shi kuma yana bi yana zanawa. Can sai ga ɗigo biyu na farin haske sun ɓullo a tsakiyar tabban. Da fari ya ɗauka wata kafa ce ta buɗe a jikin na'urar. Da ya tabbatar daga jikin ranar ne, ya ruga neman wanda zai zame masa shaida, amma kafin ya dawo hasken ya soma dushewa. Cikin minti biyar ya ɓace. Ba a cika awa 18 ba, sama ta yi jajawur har ƙasar Kuba, wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi, kuma tsakanin Boston da Portland a Amurka ma'aikata suka cire batir suka ci gaba da aika saƙo da wutar da guguwar maganaɗisun da ta biyo bayan hasken ta cusa cikin waya.

A kan wannan rana Stuart Clark ya gina littafinsa The Sun Kings, wanda maɗaba'ar Jami'ar Princeton ta fitar a 2007. Na karanta shi da zumuɗi, kuma abin da ya kama ni ba fashewar da Carrington ya gani ba ce. Yadda aka share shekaru arba'in da ɗoriya kafin manyan masana su yarda cewa abin da ya auku a jikin rana shi ne ya girgiza duniya, wannan shi ne ƙashin bayan littafin, kuma a nan gwanintar Clark ta fito.

Mutanen da ya ɗauka ba sarakuna ba ne a idon zamaninsu. Akwai Heinrich Schwabe, mai sayar da magani a garin Dessau na Jamus, wanda kullum rana ta fito sai ya ƙirga tabbanta ya rubuta, shekara da shekaru, har a 1843 ya bayyana cewa suna yawaita su ragu kusan duk shekara goma. Akwai Edward Sabine, hafsan sojan Ingila, wanda a 1852 ya jera lissafin Schwabe kusa da bayanan motsin allurar maganaɗisu ya ga suna hawa da sauka tare. Tun kafin su, a 1801, William Herschel ya gwada alaƙanta tabon rana da farashin alkama aka yi masa dariya. Clark bai gajiya da nuna wa mai karatu teburin aiki, da littafin rajista, da gizagizan da ke hana kallo, har mutum ya ji nauyin wannan haƙuri a jikinsa.

Babin da ya fi burge ni shi ne na Lord Kelvin. A 1892, yana shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, ya tashi ya yi lissafi a gaban jama'a: in har rana ce ta haddasa wata guguwar maganaɗisu ta awa takwas, to sai ta fitar da ƙarfin da take fitarwa cikin wata huɗu. Ya ce hakan ba zai yiwu ba, don haka dacewa ce kawai. Lissafinsa daidai ne. Tubalin da ya aza shi a kai ne karkatacce, domin ya ɗauka rana na watsa ƙarfin ta kowace fuska daidai wa daida. Wanda ya warware zancen ƙaramin ma'aikaci ne a ɗakin duban taurari na Greenwich, Walter Maunder, tare da matarsa Annie, gwanar lissafi. A 1904 ya nuna cewa guguwar na yawan maimaituwa bayan kwana 27, wato lokacin da rana ke ɗauka ta juyo mana da fuska guda. Ke nan daga wani wuri takamaimai abin ke fitowa, a tsuke, kamar ruwa daga bakin tiyo, sai ya saito mu yake dukanmu. Clark ya bayyana wannan ba tare da alƙaluma masu rikitarwa ba, kuma bai wulaƙanta Kelvin ba. Ya bar mai karatu ya ga yadda mutum mai kaifin basira zai iya ɓata hanya da hujja a hannunsa.

Inda na ja da marubucin shi ne rayuwar Carrington ta gida. Gaskiya abin tausayi ne: mahaifinsa ya rasu a 1858 ya bar masa kamfanin giya da ya cinye masa lokaci, ya nemi shugabancin ɗakunan duban taurari na Oxford da Cambridge bai samu ba, wani tsohon masoyin matarsa ya daɓa mata wuƙa, kuma a Nuwamban 1875 ita da shi suka mutu 'yan kwanaki tsakani. Amma wannan labari, duk da jan hankalinsa, bai ƙara wa mai karatu fahimtar rana ba, ga shi kuma an ɗora shi har a bangon littafin. Da an rage shi an ba rawanin rana fili, wato siririn farin hasken da ke kewaye da ita wanda ake gani lokacin cikakken husufi. Daga can ne curin iskar gas mai maganaɗisu ke ɓallewa ya nufo duniya, kuma shi ne ainihin abin da ya daki wayoyin 1859, ba hasken da Carrington ya gani ba. Sai a 1971 tauraron ɗan'adam ya fara ɗaukar hoton irin wannan ɓallewa. Har yau masana na kokawa da dalilin da ya sa zafin rawanin ya haura digiri miliyan ɗaya alhali fuskar ranar ba ta wuce kimanin 5,500 ba. Mai son zurfafawa a nan sai ya haɗa da wani littafin.

Shekarun da suka biyo bayan bugawa ma sun wuce littafin a wasu wurare, wanda ba laifinsa ba ne. Ya buɗe da guguwar Oktoban 2003. Tun daga nan kumbon Parker da aka harba a 2018 ya kutsa cikin rawanin kansa a 2021, kamfanin Starlink ya yi asarar taurarin ɗan'adam kusan 40 a Fabrairun 2022, guguwar Mayun 2024 kuma ta rikita na'urorin GPS na taraktocin manoma a Amurka ana tsakiyar shuka. Duk wanda ya saba sauraron rediyo a gajeren zango ya san yadda murya kan nutse cikin shuuu da rana tsaka. Wani lokacin irin hasken da Carrington ya gani ne ya taɓa sashen sama da ke dawo da saƙon rediyo zuwa ƙasa.

Ɗalibin kimiyya da malaminsa za su same shi da sauƙin bi, don Turancinsa ba mai tsauri ba ne, babobinsa kuma gajeru. Wanda lokaci ya yi wa ƙaranci ya fara da babin fashewar 1859, ya wuce kai tsaye zuwa rikicin Kelvin da Maunder.