Don Allah a daina cewa "kamar hoto"

Duk sanda aka ɗora zanen magangarar ruwan Niyagara na Frederic Church, sai ka ga jama'a sun yi caa: "Kai! Kamar an ɗauka da kyamara!" Wallahi wannan yabon yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya yi ta kai-komo bakin magangarar ruwan a 1856 yana zane-zanen gwaji, ya dawo ya haɗa aikin da faɗinsa ya haura mita biyu, ladan da za a ba shi shi ne ya yi kama da na'ura?

Ku sake duba zanen. Ina ƙasar da mai kallo zai taka? Babu. Church ya janye gaɓar ɓangaren Kanada daga ƙarƙashin ƙafarka, ya tsayar da kai a kan ruwan, kore shar, yana gangarowa gabanka da wani gungume yana tafiya zuwa bakin ramin, ga guntun bakan gizo a cikin feshi. Ba wata kyamarar 1857, shekarar da ya gama zanen, da za ta iya tsayawa a wannan wurin. Shi ya sa a Niyok mutane suka yi dogon layi suna biyan santi 25 don su gani.

Kuma Niyagara ta lokacin ba daji ba ce. Akwai otal-otal, masana'antu a gefen Amurka, 'yan tallan tsaraba, har da gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1855. Church ya kau da mafi yawansu. Malaminsa Thomas Cole ma haka ya yi a 1830, ya ajiye 'yan asalin ƙasar biyu a kan dutse kamar ba kowa a wurin sai su. Zaɓi ne suka yi da hannunsu, kuma a nan gwanintar take.

To, na yarda, ruwan Church har ji kake kamar zai jiƙa ka, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Share masana'antun ma akwai ɓoye gaskiya a ciki. Amma shi dai bai tsaya a zane ba, yana cikin waɗanda suka matsa har aka mayar da wurin gandun jihar Niyok a 1885.

Yanzu zanen yana babban gidan adana zane-zane na ƙasa a Washinton. In Allah Ya kai ku, ku tsaya gabansa ku nemi inda za ku sa ƙafa, kafin ku ambaci kyamara.