Bidiyon "wankin ƙwaƙwalwa" da ke yawo a wayoyinmu: ina gaskiyarsa ta tsaya?

Tun kafin azumi wani bidiyo mai tsawon kusan minti 20 yake zagaye wayoyin mutanen unguwar nan. Mun gan shi a zauren WhatsApp na 'yan canji, mun ji ana kunna shi a teburin mai shayi, har wata baiwar Allah ta turo mana shi sau biyu da gargaɗin a kalla kafin a goge. Babu sunan wanda ya haɗa shi. Muryar wani saurayi ce dai, irin ta masu fassarar finafinan Indiya, da kiɗa mai tsinka zuciya a ƙarƙashi, yana bayanin yadda Amurka ta ƙware wajen juya tunanin ɗan Adam. Mun zauna mun kalle shi har ƙarshe. Abin da ya sa muka ba shi shafi guda shi ne, rabinsa na farko gaskiya ne.

Shirin da yake magana a kai, MK-Ultra, an yi shi. Hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta fara shi a 1953 lokacin da Allen Dulles ke shugabantarta, aka damƙa shi a hannun wani masanin haɗa magunguna mai suna Sidney Gottlieb. Tsoro ne ya haife shi. A yaƙin Koriya an ga sojojin Amurka da aka kama suna fitowa suna sukar ƙasarsu, 21 daga cikinsu ma suka ƙi komawa gida bayan an tsagaita wuta. Sai manyan Washington suka ɗauka 'yan kwaminis sun gano wani sirri na wanke ƙwaƙwalwa, suka ce su ma sai sun mallake shi.

Abin da suka aikata kuwa ba ya jin daɗin faɗa. Sun riƙa ɗura wa mutane ƙwayar LSD mai gusar da hankali ba da saninsu ba: fursunoni, 'yan ƙwaya, masu taɓin hankali, har ma'aikatan gwamnati. Frank Olson, masanin kimiyya a rundunar soja, an zuba masa ita a abin sha a watan Nuwamba 1953, bayan kwana 9 ya faɗo daga tagar wani otal a New York ya mutu. A Montreal ta Kanada, wani likita, Ewen Cameron, ya karɓi kuɗin shirin yana sa marasa lafiya barcin makonni da magani, yana jona musu lantarki a ka, yana kunna musu magana ɗaya a faifai sau dubbai. Wasu da 'yar damuwa suka je asibitin, suka fito ba sa gane 'ya'yan cikinsu. Shi kansa Gottlieb ɗin ne ya kai guba Kongo a 1960 don a kashe Patrice Lumumba, ko da yake ba a kai ga amfani da ita ba. Abin mamaki, bidiyon bai ko ambaci wannan ba, alhali shi ya fi kusa da mu.

To daga wajen minti na 11 ne mai bidiyon ya saki hanya. Ba tare da ya ja numfashi ba sai ya tsallako daga 1953 zuwa yau, ya ce shirin ya yi nasara, kuma da shi ake aiki ta allurar rigakafi, da lambar NIN, da turakun 5G. Hujja fa? Babu. Hoton sirinji ne, da hoton wani mutum an ɗaure masa wayoyi a ka, wanda duk mai kallon finafinan Turawa zai gane daga fim aka yanko shi. Inda ya kamata a ga takarda, sai a ƙara ƙarar kiɗa.

Ya kuma ɓoye abu mafi muhimmanci a labarin: shirin bai cimma burinsa ba. Sun iya rusa hankalin mutum, wannan kam sun iya, amma ba su iya zuba masa sabon tunani ya zama bawansu ba. Gottlieb da kansa ya amince da haka. Mai bidiyon bai kuma gaya mana yadda aka yi asirin ya tonu ba. A 1973 shugaban CIA, Richard Helms, ya sa aka lalata takardun shirin. Duk da haka kwamitin Sanata Frank Church ya bankaɗo shi a 1975, Shugaba Ford ya nemi gafarar iyalin Olson, a 1977 kuma aka gano wasu shafuka kusan 20,000 da suka tsira, majalisar dattawa ta sake zama a kai. Wato abin da aka yi da gaske ya bar sunaye, da ranaku, da rasit na kuɗi. Rabin bidiyon na biyu bai kawo ko ɗaya ba, sai "an ce" da "masana sun tabbatar". Waɗanne masana, Malam?

Kada a ce mun raina masu zargi. Wallahi suna da dalili. Mu da muke da dangi a Kano mun san gwajin maganin Trovan da Pfizer ta yi a kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. A 2011 ma CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Pakistan tana farautar Osama bin Laden, kuma ma'aikatan lafiya da ba su ji ba su gani ba ne suka biya da rayukansu daga baya. Amma mun kuma tuna 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano bisa zargin an sa maganin hana haihuwa. Kafin a dawo da shi a 2004 cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a 2020 aka ayyana Najeriya ta tsira daga asalin ƙwayar cutar. Yaran da ta shanye wa ƙafa a wancan lokacin yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu na nan a bakin titunan Kudu a kan keken guragu.

Shi ya sa ba mu ɗauki bidiyon nan abin hira kawai ba. Mun ji gidajen da aka fara rufe wa masu rigakafi ƙofa a lungunanmu. Mun kuma ji wani uba yana cewa ɗansa mai jin muryoyi a ka "juya shi ake daga waje", don haka ba zai kai shi asibiti ba. Yaron nan likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata, kuma akwai su a garin nan.

Muna roƙon fadar Sarkin Hausawa da limamanmu su kira ma'aikatan lafiya su zauna da iyaye kafin zagaye na gaba, a kawo kwalbar maganin a karanta abin da ke jikinta, kowa ya yi tambayarsa ba kunya. In mai bidiyon ɗan unguwar nan ne, shi ma ya zo da takardunsa, za mu ba shi shafi a fitowa ta gaba.